Abin da ke cinye fentin salansar da aka sauya

A garejojin Damagaram akwai ƙorafin da ba ya tsufa. Mai mota ya kai a sauya masa salansa, ko don ta asali ta huje, ko don yana so motar ta riƙa gurnani idan ya taka ta. An yanka, an yi walda, an fesa baƙin fenti, aiki ya fito gwanin sha'awa. Mako bai zagayo ba fentin ya koma ruwan toka, ya kumbura, ya fara ɓarewa, tsatsa ta leƙo daga bakin walda. Sai a koma wurin mai shago da zancen ya sayar da jabu. Wani lokaci jabun ne kuwa, don kasuwa ba ta rasa shi. Amma galibi an riga an yanke wa fentin hukunci tun a rumfar mai walda, kafin ma a girgiza gwangwanin.

Bututun hayaƙi ba zafi ɗaya gare shi ba daga kai zuwa wutsiya. A bakin injin fetur, inda bututan silinda ke haɗuwa, hayaƙi na iya kai digiri 700 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyas idan mota ta ɗauki kaya tana gudu. Katalizar, wato tukunyar da ke tace hayaƙi, ba ta fara aiki sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300, kuma a tafiya takan zauna tsakanin 400 da 800. Daga nan hayaƙin yana hucewa da kowane taku da ya yi a cikin bututu, iska na bugun ƙarfen daga waje. Kafin ya isa salansar baya ya zubar da kaso mai yawa na zafinsa, shi ya sa jikin salansar kamfani yakan tsaya a wajen digiri 150 zuwa 300. Ba haka kawai aka ajiye ta can ƙarshen mota ba. Da yawa cikinsu ma bango biyu gare su, wasu da auduga mai jure wuta a tsakani, saboda haka fatar waje ba ta jin duk abin da ke gudana a ciki.

Gyaran da ake yi a gari shi ke rushe wannan tsari, kuma kowane irin gyara da inda yake tura zafin. Wanda ya cire ƙaramar tukunyar tsakiya ya gajarta bututu, ya jawo salansa kusa da inji, ya ɗora ta a wurin da hayaƙi bai huce ba. Wanda ya sa irin salansar nan mai rami miƙe, mai ƙara, ya samu bango guda siriri, kuma audugar da ke cikinta tana ƙonewa tana fita da kaɗan-kaɗan. Ranar da ta ƙare, ƙara ta ƙaru, jikin ƙarfen ma ya ƙara zafi. Shi ya sa wani zai ce fentinsa ya yi wata shida lafiya lau sannan ya lalace dare ɗaya, alhali abin da ya sauya yana ciki, inda ido ba ya gani. Wanda kuma ya sa bututu mai faɗi fiye da ƙarfin injinsa, akasin haka yake samu: hayaƙi ya rage gudu, ya huce da wuri, wutsiya ta yi sanyi. Wannan ma matsala ce ga fenti, za mu zo kanta.

Batun cire katalizar ya fi sauran sarƙaƙiya. Ana cire ta don ta toshe, ana kuma cire ta don a sayar, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta irin su filatinam da faladiyam da rodiyam. Motoci da dama ma tun kafin su iso hannun mai su an riga an kwashe abin da ke ciki. Ita wannan tukunya a cikinta ragowar man da bai ƙone a inji ba yake ƙarasa ƙonewa. Cire ta ba lallai ya sa hayaƙin da ke zuwa baya ya fi zafi a kowane lokaci ba. Abin da yake yi shi ne ya bar ɗanyen mai ya wuce, ya je ya kama wuta a duk inda ya tarar da iska, sau da yawa a cikin salansa ko a bakin bututu. Ƙarar tas-tas ɗin nan da samari ke jin daɗinta idan suka ɗaga ƙafa daga totur, wuta ce ke tashi a wurin da ba a gina don wuta ba. Fenti yana iya jure zafin da ya hau a hankali ya zauna, amma zafin da ke zabura ya sauka sau ɗari a yini yana gajiyar da shi.

Akwai kuma laifin da yake na inji ne kacokan. Fulogi guda ya mutu, man silindar nan ya tafi ɗanye cikin bututu. Lokacin tartsatsi ya yi latti, mai ya fito daga silinda yana ci bai gama ba, har a ga bakin inji ya yi ja da dare, kuma ƙarfe ba ya fara ja a duhu sai ya haura digiri 500. Walda ta bar ɗan rami a gaban na'urar da ke auna iskar oksijin, iska ta shiga, na'urar ta shaida wa kwamfutar mota cewa mai ya yi kaɗan, ita kuma ta ƙara. Ga mai ga iska a cikin bututu mai zafi. Duk wanda fenti ya ƙone masa sau biyu a wuri guda, makanike ya kamata ya nema kafin ya koma shago.

Ƙarfen da kansa yana ba da labarin zafin da ya sha, in an san karatunsa. Baƙin ƙarfe da aka goge ya yi fari, idan ya kai wajen digiri 230 yakan yi ruwan karan dawa, a 280 ya koma shunayya, a 300 ya yi shuɗi, sama da haka ya dushe ya zama toka. Maƙera sun san wannan tun kaka da kakanni, da shi suke gane lokacin da wuƙa ta yi. Ƙarfe marar tsatsa, wanda masu walda ke kira inoks, yana buƙatar zafi fiye da haka kafin ya yi waɗannan launuka, shuɗinsa sai an doshi 550 zuwa 600. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a goge wurare uku ko huɗu a jikin sabon bututu, a yi tafiya mai kyau, kamar zuwa Matamaye ko Magarya a dawo, a leƙa a ga launin da kowane wuri ya ɗauka. Mai hali ya nemi na'urar auna zafi daga nesa, amma ta masana'antu. Irin wadda aka riƙa nuna wa mutane a goshi a shekarar 2020 an yi ta ne don jikin ɗan Adam, ba ta da abin cewa a kan salansa.

Sai irin ƙarfen. Salansar kamfani galibi ko baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin alminiyam, ko inoks mai lamba 409, wanda ke da kuromiyam wajen kashi 11 cikin ɗari. Shi wannan maganaɗisu na kama shi, kuma yana yin jar tsatsa a sama wadda ba ta cin ciki da sauri. Masu ƙyalli da ake sayarwa don ado sukan zama 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Fenti ba ya son 304 ko kaɗan: fuskarsa sulɓi ce, kuma yana miƙewa da zafi fiye da baƙin ƙarfe. Mita guda na baƙin ƙarfe idan zafinsa ya ƙaru da digiri 400 yana ƙara tsawo da kusan milimita 5, na 304 kuwa kusan 7. Kullum aka tada mota ya miƙe, aka kashe ya koma, fentin da ke bisansa dole ya bi shi ko ya tsage. A ganina wanda ya biya kuɗin 304 sannan ya fesa masa fenti ya yi asara biyu. A bar shi tsirara, zafi ya ba shi ruwan zinariyarsa.

Wanda ya fi ba da wahala shi ne bututun ruwa mai rufin tutiya, wanda ake yawan ɗauka a yi ciko da shi don yana da arha kuma yana nan a kasuwa. Tutiya tana narkewa a digiri 420, kuma tun daga wajen 200, idan zafin ya daɗe, rufin yake fara rabuwa da ƙarfen. Fenti yana manne da tutiya, tutiya tana barin ƙarfe, to me zai riƙe? Ga kuma farin hayaƙin da take fitarwa a lokacin walda, mai sa zazzaɓi da ciwon jiki da dare. Madarar da masu walda ke sha bayan aiki ba ta maganinsa. Maganinsa a goge tutiyar daga bakin da za a haɗa, a yi aikin a sarari, iska na kwashe hayaƙin.

Yanzu fentin kansa. Fentin jikin mota da na ƙofa da taga, danƙon da ke riƙe launinsu yana fara lalacewa tun a digiri 120 zuwa 200. Na inji an yi shi ne don wajen 260. Na wuta na gaskiya danƙonsa silikon ne, garin launinsa kuma na ƙarfe ne da ba ya ƙonewa, shi ne ake samun mai jure 600 zuwa 650, da wanda aka rubuta wa sama da 1,000. A nan ne ake yawan faɗawa rami.

“Maigida, wannan na wuta ne?”

“Na wuta ne, Alhaji. Duba ka gani, 500 aka rubuta.”

Mai shagon ba ƙarya ya yi ba, 500 ɗin aka rubuta. Sai dai gwangwanin da aka yi don kasuwar Amurka da ma'aunin Faranhait yake magana, kuma 500 a can 260 ne a namu. Haka 1200 nasu 650 ne, 2000 kuma kusan 1,090. Harafin da ke bayan lambar, F ne ko C, shi ne abin dubawa. Lambar ma ta zafin da fentin zai iya tsallakewa na ɗan lokaci ce, ba wanda zai zauna a ciki daga Damagaram har Tanut ba.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne fenti mafi jure wuta ba shi ne mafi dacewa da ko'ina ba. Fentin silikon ba ya ƙarasa ƙarfinsa da bushewar iska. Zai bushe a taɓa, amma a ciki ɗanye ne, farce na kankare shi, fetur na narkar da shi, har sai ya sha zafin da ya haura digiri 200, wasu ma sai 300. To wutsiyar motar da aka sa wa bututu mai faɗi, ko Hilux mai injin gas da yawancin aikinta zirga-zirga ce tsakanin Birni da Zango da kasuwar Dole, tana iya shekara ba ta kai wannan zafi ba. Mai ita ya sayi gwangwani mafi tsada, fentin bai taɓa gasuwa ba, ranar da aka wanke mota ya bi ruwa. A irin wannan wutsiya fentin inji mai 260 zai fi zama. Mota guda tana iya buƙatar fenti iri biyu, gaba daban, baya daban.

Shirya ƙarfe kuwa shi ne kusan dukkan aikin, kuma shi ne wanda ake tsallakewa don ba a ganinsa a hoto. Sabon bututu yana zuwa da man da aka shafa masa a masana'anta don kada ya yi tsatsa, ciki da waje. Zai fi kyau a ɗaura shi tsirara a yi yawo kwana biyu, man ya ƙone, sannan a kwance. Bakin walda yana da ɓawon da dole a kankare shi tas, musamman waldar gas da ke ƙona fili mai faɗi a gefenta. A wannan filin rufin alminiyam ya riga ya tafi, kuma kusan kullum daga nan tsatsa ke somawa. Burushin waya na inji yana cire tsatsar sama amma yana goge ƙarfe ya yi santsi, alhali fenti kaushi yake nema. Samfefa mai lamba 80 zuwa 120 ta fi. Mafi kyau duka shi ne feshin yashi da iska mai ƙarfi, amma yashin gari da muke da shi birjik ƙurarsa na lalata huhu ba gyara, don haka mai yin wannan aiki ba tare da abin rufe hanci na ƙwarai ba yana sayar da lafiyarsa ne a kan salansar wani.

Bayan gurza sai wanki, da tina ko asiton da tsumma mai tsabta. Ba da fetur ba, ba da kananzir ko gas ba, don dukkansu suna barin maiƙo. Daga nan kada hannu ya sake taɓa wurin. Kuma kada a kuskura a wanke ƙarfe da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin sannan a kai masa wutar walda, don haɗuwarsu na haifar da iskar fosjin, wadda guba ce mai kisa. Jan fentin hana tsatsa da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin fentin ƙofa ba shi da wuri a nan. Shi zai fara ƙonewa, ya ɗago na sama duk tsadarsa. Ko dai a sa shimfiɗar da aka yi don wuta, ko a fesa kai tsaye a kan ƙarfe.

Salansar hannu da aka kwance daga motocin Turai tana da nata ciwon. A can gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin yana maƙalewa a ƙananan ramukan tsatsa, ya biyo jirgi har Lome ko Kwatano, ya biyo tirela har nan. Tina ba ta narkar da gishiri. Ruwa ne ke yi. A wanke da ruwa sosai, a busar a rana, sannan a shiga gurza. Haka motar da ke shiga kwarurrukan kanwa na wajen Gure da Maine Sorowa, laka mai kanwa ba abin bari ba ce a jikin ƙarfe.

Wajen fesawa yanayin garinmu ba ya taimako. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, fenti yana bushewa a iska kafin ya sauka, ya zauna kamar gari, a shafa ya bi hannu. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kan ɗanyen fenti. Sassafe a inuwa, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, shi ne lokacin. A yi shafi biyu ko uku marasa kauri, da 'yan mintoci a tsakani, gaba ɗayansu kada su wuce kashi ɗaya cikin 20 na milimita. Mai mota yakan tsaya a kan yaron gareji yana cewa ƙara masa, ƙara masa, a zatonsa kauri shi ne ƙarko. A fentin wuta kauri ne ke kawo tsagewa, don fata mai kauri ba ta iya bin ƙarfe idan ya miƙe, kuma tinar da ta maƙale a ƙarƙashi tana tafasa ta yi ƙuraje.

Gasa fentin shi ne mataki na ƙarshe. Masu ginin tukwane a Mirya ba sa jefa ɗanyar tukunya cikin wuta mai ƙarfi, sai ta bushe, sannan wuta ta hau ta a hankali, in ba haka ba ta fashe. Fentin silikon haka yake so. Wasu kamfanoni sun rubuta matakai uku a jikin gwangwani: rabin awa a wajen digiri 120, a bari ya huce, rabin awa a wajen 200, ya huce, sannan rabin awa a wajen 315. Wanda ba shi da tanda, a jikin mota ake yi: bayan fentin ya bushe a tada inji ya yi minti 10 a tsaye, a kashe ya huce minti 20, a sake tadawa minti 20, ya huce, sannan a fita tafiya ta rabin awa ba tare da zuba wuta ba. Hayaƙi da wari za su tashi, ba komai ba ne. Amma a yi a fili, don iskar kabon monoksaid ba ta da wari kuma tana kashe mutum a rufaffen gareji, kada kuma a tsaya a kan busasshiyar ciyawa. Abin da aka saba yi shi ne a fesa da la'asar, da magariba mai mota ya hau hanyar Maradi ya gwada sabuwar ƙara. A nan aikin yake mutuwa, ko da sai bayan kwanaki za a gani.

Ko an bi duk wannan, hanya na nan da nata. Tayar baya tana watsa yashi da tsakuwa a fuskar salansa da ke kallon gaba, kuma a hanyar jar ƙasa wannan feshin yashi ne na kullum. Salansar da aka rataye ƙasa da inda ta asali take ta fi shan wannan duka, ga karo da tudun rage gudu. A damina, musamman Yuli da Agusta, ƙarfe mai digiri 300 ya faɗa kududdufi ya tsuke nan take. Mai wankin mota da ke watsa ruwa a ƙarƙashi da isowarka yana yin irin wannan ɓarna ko da rani, minti 20 na jira kuwa ya isa ya hana ta. Waɗanda ke ɗaure salansa da waya ko su yi mata walda a jikin mota maimakon robobin rataya sun hana ta wurin miƙewa, sai walda ta tsage, fenti ya bi tsagar. Ƙyallen nan mai jure wuta da ake naɗe bututu da shi yana rage zafin da ke dukan jikin mota, amma yana tsare zafin a cikin ƙarfe, yana kuma riƙe ruwa da laka a damina, baƙin ƙarfe bai cika daɗewa a ƙarƙashinsa ba.

Akwai tambayar da ya kamata mai mota ya yi wa kansa: me yake so fentin ya yi masa? A garin da ruwan samansa bai wuce milimita 400 da 'yan kai a shekara ba, kuma babu gishiri a titi, tsatsar waje ba ita ke kashe salansa ba. Daga ciki take mutuwa. Kowace lita ta fetur da ta ƙone, ko daga matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 ta fito ko daga kwalbar bakin titi, tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a siffar tururi. Idan bututu da zafi tururin ya fice. Idan da sanyi ya taru a gindin salansa, ya haɗu da farar wutar da ke cikin mai ya zama asid. Motar da ke kai yara makaranta ta dawo, ta je kasuwa ta dawo, ba ta taɓa yin zafin da zai busar da cikinta ba, ita ce salansarta ke hujewa daga ƙasa alhali fentin waje na nan baƙi wuluk. Bututu mai faɗi yana ƙara wannan matsala. Shi ya sa salansar kamfani da yawa ke da ɗan rami a mafi ƙasƙancin wuri don ruwa ya ɗiga, wanda wasu masu walda ke toshewa da kyakkyawar niyya suna zaton huda ce.

Saboda haka inda fenti ke da amfani na gaske a nan shi ne bakin walda da ƙarfen rataya da duk wurin da wuta ta cinye rufin asali. Sauran jikin ado ne, kuma ado ba laifi ba ne, sai dai mai shi ya san zai riƙa sabunta shi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, zafi ya ɗan sassauta, ƙurar hunturu ba ta kankama ba. A gurje inda ya ɓare kawai, a wanke da tina, a yi shafi biyu, a sake gasawa mataki-mataki kamar farko.